Saurayin Da Ba Ya Shan Zoɓona

Da sunan Allah nake buɗe shafin yau. Ku da kuke ta turo min saƙo kuna tambayar abin da ya hana a kawo kuɗin gaisuwata har yanzu, ku gyara zama. Ba wani babban abu ba ne ya tsayar da maganar. Kofin zoɓo ne.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Muhsinat. Ina zaune a unguwar Al Muraqqabat da ke Dubai, wajen Gwaggo Jummai, yayar mahaifina, wadda take saya wa matan Kano abaya da turare tana tura musu ta kago. Da safe ni nake tsare mata shagonta a Deira, da yamma in tafi ajin Turanci. Ban shiga boko da wuri ba, sai da na yi wayo sosai na zauna benci ɗaya da sa'annin ƙannena, don haka na saba zama a bayan aji in yi shiru in saurara. Har yau haka nake. Gwaggo takan ce in aka bar ni ɗaki ɗaya da mutum, sai na san abin da ya ci jiya ba tare da na buɗe baki ba.

Mubashir ɗan Zariya ne, yana aiki a wani kantin magani a Al Rigga. Can na je sayo wa Gwaggo maganin hawan jini, ya ji ina amsa waya da Hausa, ya ce, “Hajiya, daga wane gari?” Abin da na fara lura da shi muryarsa ce. Ba ya ɗaga ta, amma ko ana hayaniya sai ta iso kunnenka a cike.

Da farko Gwaggo ta fi ni son sa. Ga albashi, ga bizar kamfani, ga gaisuwa har ƙasa. Ita da kanta ta kira Babana a Kano ta ce an samu. Baba ya ce to, amma ba zai ce komai ba sai ƙanensa Baffa Badaru ya zo sarin kaya ya bincika yaron. Abin da Baffa ya faɗa, shi ne zance. In ya ce a'a, an rufe maganar, ni kuma ban taɓa yi wa Baba musu ba.

Ranar da Mubashir ya fara zuwa zance, na saka doguwar rigar atamfa ruwan ganye, na yafa farin mayafi. Tun safe na jiƙa zoɓo, na zuba abarba da kanumfari da citta, na cika jug da ƙanƙara. Ga dambun nama da yajin da Gwaggo take sa a aiko mata daga gida. Gwaggo ta turara falon har ba ka ganin labule sosai.

Ya shigo cikin shadda ruwan toka, da wani ɗan ƙyalle naɗe a wuyansa, a zafin Dubai na watan Agusta. Ya zauna a kujerar da ta fi nisa da kaskon turare. Na zuba masa zoɓo. Ya ce, “Sannu da aiki, Allah ya yi albarka.” Sai ya ciro wani ɗan filas daga jakarsa, ya tsiyaya wani abu mai tururi a murfin, ya kurɓa.

Ƙanƙarar ta narke a kofin har ya tafi.

Yana fita Gwaggo ta fito daga kicin, don dama tana bayan ƙofa.

“Bai sha ba?”

“Ya ce mura yake ji.”

“Mura. Dambun fa, shi ma mura ce?”

Zuwa na biyu haka, na uku haka. Har roƙo ya yi a rage sanyin esi. A na huɗu Gwaggo ta zaunar da ni a bakin gadonta, ta rage murya kamar akwai wani a gidan.

“Ke yarinya ce, ba ki san komai ba. Abin da ke cikin filas ɗin nan rubutu ne. An gaya masa kar ya ci na hannunmu, kar ya sha. Ko hayaƙinmu gudunsa yake. Sammu yake tsoro, Muhsinat. Mu za mu yi masa sammu? Ni da na je Makka tun yana rarrafe?”

“Gwaggo, wa zai gaya masa haka?”

“Mace. Namiji ba ya wannan tunanin da kansa. Akwai wadda take riƙe da shi.”

Na so in yi dariya, amma ta ƙi fitowa, don ni ma akwai abin da na daɗe ina ajiyewa a raina. Duk ranar Alhamis daga la'asar, Mubashir ba ya ɗaukar waya. In na kira sai ya katse ya turo saƙo: “Ina nan lafiya, ranki ya daɗe. Mu yi ta rubutu.” Ranar Juma'a kuma, da gidan Gwaggo yake cika da 'yan kasuwar Kano bayan masallaci ana cin tuwo da miyar kuka, bai taɓa zuwa ba. Kullum “akwai aiki”. Na taɓa wucewa ta kantin maganin wata Juma'a. Wani Ba'indiye ne a wurinsa, ya ce min Mubashir ba ya aiki ranar Juma'a.

Sai wata Laraba ya zo, ya shiga yin alwala ya bar wayarsa a kan tebur. Wallahi ban taɓa ta ba. Ita ce ta yi haske, ni kuma yanzu na iya karatu da sauri. Sunan Saratu ne a sama. A ƙasa: “Jibi kar ka makara. Kuma don Allah in ka je gidan yarinyar nan kar ka sha musu komai mai sanyi, ka san abin da ya same ka wancan karon.”

Yarinyar nan. Masu karatu, ni ce yarinyar nan.

Ya fito yana goge hannu, ya ce, “Yau kin yi shiru fiye da kullum.”

Na ce, “Ina saurare ne.”

Washegari Baffa Badaru ya sauka. Baffa ɗan Kantin Kwari ne, gajere, mai son hula zanna bukar, kuma ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya sau biyu, na farko gajere, na biyu mai tsawo, kamar tsohon janareta. Bai gama cire takalmi ba Gwaggo ta zazzage masa komai, daga filas har ƙyallen wuya.

Ya yi gyaran muryarsa. “Yaya, ki bari in sha ruwa mana.”

“Sha. Kai ai ba a hana ka shan namu ba.”

Ya sha, ya dube ni. “Ke fa, 'yar gidan Yaya, me kika gani?”

“Ban ga komai ba, Baffa.”

“To. Ku ce masa ya zo Asabar bayan la'asar. Kafin nan zan ɗan duba.”

Ban gaya musu zancen Saratu ba. Na san in Gwaggo ta ji sunan mace, kafin magariba ya isa Kano. Na fi son in gani da idona tukuna.

Ranar Juma'a na ce zan je wajen wata 'yar ajinmu. Na ɗauki baƙar abaya cikin kayan shago, na saka niƙabi, abin da ban saba ba, na tsaya kusa da tashar metro ta Al Rigga lokacin da ake fitowa daga masallaci. Ga shi nan cikin farin kaftani, da jaka a kafaɗa, yana sauri. Ya shiga jirgi, na shiga taragon mata ina leƙensa ta tsakanin kafaɗu. Zuciyata tana ta ce min, Muhsinat, ke ce yau kike bin namiji a titi?

Wani otal ya shiga. Na bari ya ɓace, sannan na bi. Na zauna a kujerar baƙi kusa da ƙofar wani babban ɗakin cin abinci, ina duba waya kamar mai jiran wani. Daga inda nake ina hango ciki: Turawa, Larabawa, 'yan Filifin, tebura cike da faranti. Da kwalabe kuma. Ba zan ɓoye muku ba, kwalaben giya ne, na gan su.

Ina jiran in ga ya zauna da wata mai gashin doki. Sai aka fara kaɗa piyano, a hankali, da ganga ƙasa-ƙasa. Sai murya ta shigo.

Ban buƙaci ɗaga kai ba. Na san yadda yake jan numfashi kafin ya ce “Muhsinat”, irinsa ya ja. Amma ban taɓa sanin muryar tana da wannan faɗin ba. Ta fara daga ƙasa kamar mai lallashi, ta hau, ta hau, har na ji cokula sun daina ƙara. Da ta kai sama sai ta ɗan tsage, kamar ta wanda kuka ya zo wa a tsakiyar magana, kuma bai gyara ba, ya bar ta haka ya ci gaba. Da Turanci yake yi, ina tsintar kalma ɗaya in rasa uku. Can wajen ƙarshe ya rufe ido, ya juya da Hausa, a gaban mutanen da ba wanda yake jin ta: “Inna, na iso, na tarar an share tsakar gida, an naɗe tabarmi.”

Niƙabina ya jiƙe. Na leƙa. Yana tsaye cikin baƙar kwat, ba hula, hannu ɗaya a kan makirfo. Mai piyanon wata mata ce da ta kusa haihuwarsa, da tabarau da ɗankwalin atamfa.

A daidai lokacin na ji wani abu a bayan ginshiƙin da ke kusa da ni. Gyaran murya. Na farko gajere, na biyu mai tsawo.

Na juya da sauri. Ƙeyar wata zanna bukar kawai na gani tana fita ta ƙofar gilashi.

Da suka tafi hutu na tashi zan gudu, sai na ji an ce, “'Yata, tsaya.” Mai piyanon ce, da Hausarta ta Jos. “Tun ɗazu nake kallonki. Balarabiya ba ta kuka a wurin tabarmin nan. Ke ce Muhsinat?”

“Ke ce Saratu.”

“Anti Saratu dai, ina da jika.” Ta yi dariya, ta leƙa ciki ta yafito shi.

Da ya gan ni na ɗage niƙabi, sai ya jingina da bango. Muka tsaya a wani lungu inda ake ajiye kujeru. Filas ɗin yana hannunsa.

Na ce, “Buɗe.”

Ya buɗe ya miƙo min. Na shinshina. Ruwan ɗumi ne da zuma da citta.

“Gwaggo ta ce rubutu ne. Ta ce sammunmu kake tsoro.”

Ya dafe kai. “Innalillahi. Ƙanƙara nake tsoro, Muhsinat. Da yaji, da hayaƙi. Kwanaki na sha mai sanyi a wani biki, muryar ta dishe, saura kaɗan su ba wani wurina. Alhamis kuma hutar da ita nake, shi ya sa ba na magana.”

Na yi shiru. In ka yi wa mutum shiru yadda ya kamata, da kansa zai kawo sauran.

Ya ce tun yana Islamiyya shi ake ba ƙasida ranar walimar sauka. Da ya tafi Alkahira karatun haɗa magunguna, wata tsohuwa 'yar Armeniya da ke benen ƙasa ta ji yana rera wani abu a matattakala, ta buɗe ƙofa ta ce ya shigo. Malamar waƙa ce, irin ta Turawan da, wadda ake kira opera. Shekaru ya yi a hannunta. Takan kwantar da shi a ƙasa ta ɗora masa littattafai a ciki, ta ce ya ɗaga su da numfashi. Takan kunna kyandir a gaban bakinsa, ya ja sauti mai tsawo ba tare da wutar ta motsa ba. Waƙoƙin Italiyanci, a tsaye ƙyam, ba lumshe ido, ba girgiza kai. In murya ta yi rawa ko kaɗan, sai a koma farko.

“Sai Inna ta rasu ina tsakiyar jarrabawa. Da safe ta cika, kafin azahar an kai ta. Da na isa Zariya har an tashi daga zaman makoki.” Ya kurɓi ruwan. “Da na koma Alkahira, duk lokacin da na hau sama sai muryar ta tsage. Madam ta yi ta gyarawa, ta ƙi gyaruwa. Ranar ƙarshe ta rufe piyano ta ce in je in warke tukuna. Ban koma ba.”

Anti Saratu ta ce, “Ni kuma na je sayen maganin ciwon gwiwa na ji shi yana rera wa kwalaye waƙa. Na sa masa waƙoƙin baƙaƙen Amurka, waɗanda suke kira soul. Na ce ka ji? Su wurin da ya tsage ɗin nan shi suke nema. Numfashin Madam yana nan, ba inda ya je, da shi yake hawa. Abin da ya fashe kuma mu bar shi a fashe.”

Na dube shi. “Me ya hana ka gaya min?”

“In na ce ni mawaƙi ne, me Babanki zai ji? Maroƙi. Ga kuma abin da kika gani a kan teburan nan. Ban taɓa kai shi bakina ba, Allah ne shaida, amma a gabansa nake tsayawa.”

“Da ka bari an ɗaura, sannan in ji a bakin wani?”

Bai amsa ba. Wannan shirun nasa bai yi min daɗi ba, kuma har yanzu da nake rubuta muku ban gama yafe shi ba.

Anti Saratu ta ce ranar Lahadi za su shiga ɗaukar waƙoƙinsa na kansa, karo na farko, wanda in ya yi kyau zai iya barin otal ɗin. Ya ce, “Gobe dai duk abin da Gwaggo ta ba ni zan sha. Khalas, shi ke nan. In muryar ta tafi, ta tafi.”

Ban ce masa na ji gyaran muryar Baffa ba. Ban tabbata ba, ko kuma ban so in tabbata ba.

A gida na tarar da Baffa yana cin tuwo, hularsa a kan gwiwa. Ya ce, “Ya 'yar ajin taku?” Na ce lafiya lau. Ya ce, “Madalla.” Muka yi ta satar kallon juna har aka kira magariba.

Asabar Gwaggo ta hana ni shiga kicin. Da kanta ta haɗa zoɓon, ta cika kofin da ƙanƙara har tana leƙowa. Ta ƙure esi. Ta ɗauko kaskon turare ta ajiye daidai ƙafar kujerar baƙo. “Yau za mu gani,” in ji ta, tana gyara ɗaurin leshinta.

Mubashir ya zo ba ƙyalle a wuya, ba jaka. Ya durƙusa ya gaida Baffa. Aka yi tambayar gida, sunan mahaifi, unguwa, wa ya san wa a Tudun Wada. Hayaƙi yana ta hawa fuskarsa, ina jin yadda yake haɗiye tari.

Gwaggo ta tura masa kofin da ɗan yatsa. “Bismillah, ɗana. Da hannuna na yi. Ko shi ma akwai mura?”

“Babu, Gwaggo. Na gode.”

Ya ɗauka. Ƙanƙarar ta yi ƙara a jikin gilashi.

Ni da ko gaban baƙo ba na giftawa, ban san lokacin da na miƙe ba. Na karɓe kofin daga hannunsa, a gaban Baffa, na wuce kicin. Na ji Gwaggo tana cewa, “Ke, lafiyarki?” Na ɗora ruwa, na bari ya yi ɗumi, na zuba zuma, na kankare citta. Na kawo a kofin shayin Gwaggo, na durƙusa na ajiye a gabansa.

Ya dube ni, ya ɗauka, ya shanye tas.

Gwaggo ta saki baki. “Au. Ashe yana shan na hannunmu?”

Baffa ya yi gyaran murya, gajere da mai tsawo. “Yaya, a ɗauke kaskon nan. Ba ke yake tsoro ba.” Ya juya ga Mubashir. “Malam, zancen tabarmin nan da aka naɗe, kai ka tsara shi?”

Mubashir ya ajiye kofin. “Ni ne, Baffa.”

“Wace tabarma kuma?” in ji Gwaggo. “Badaru, ku yi min magana yadda zan gane.”

Baffa bai dube ta ba. “Ranar da Iya ta rasu ina China, kin tuna? Ni ma naɗaɗɗu na tarar da su.” Ya juya hularsa a hannu. “Amma ba kunne kaɗai na je da shi ba jiya, na je da ido. Na ga abin da ke kan tebura. Na ga kuma wanda ya ɓoye wa gidan da yake neman aure sana'arsa.”

Wayar Baffa ta fara ruri a kan kujera. Sunan Baba ne.

Baffa ya ɗauka, ya yi sallama, ya ce, “Yaya, ga mu duk a zaune, ɗan riƙe.” Sai ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya dube ni.

“Ban taɓa yi wa ubanki ƙarya ba, kuma ba zan fara yau ba. Duk zai ji. Amma abin da mutum ya fara ji shi yake zama masa a rai, ni kuma in na fara, da kwalabe zan fara. Ke ma kina wurin, na gane takalminki. Ni zan fara, ko ke?”

Gwaggo ta dafe ƙirji. Mubashir ya sunkuyar da kai. Ni da ban taɓa yi wa Baba magana mai tsawo ba tunda aka haife ni, na miƙa hannu na karɓi wayar.

“Assalamu alaikum, Baba. Muhsinat ce. Ina so ka saurare ni har in gama.”

Muryata ta tsage a tsakiya. Ban tsaya gyara ta ba.